Takardar Likita da Bindigar Abokina

Shekarun baya, lokacin ina aiki a ɗakin kati na wani asibitin gwamnati da ke yankinmu, wani abu ya faru tsakanina da abokina wanda har yau bai bar raina ba. Na daɗe ina son in ba ku labarin, amma sai da na nemi izininsa tukuna. Ya ce in faɗa, kar dai in kama suna. To ba zan kama ba.

Aikina ba wani babba ba ne. Ni ke ba da kati, ni ke jera fayil, kuma makullin kabad ɗin da ake ajiye takardun shaidar lafiya da hatimin asibiti yana hannuna. Amma kun san ƙauye, duk wanda yake shiga asibiti da safe ya fito da yamma likita ne. Tsofaffin garinmu "Likita" suke kirana, ni kuma, Allah ya yafe mini, ban taɓa gyara musu ba.

Shi abokin nawa tare muka tashi, tare muka yi makarantar allo, gonarsu da tamu kunya ɗaya ce ta raba. Mutum ne mai fara'a, mai son dabbobi. Yana da bijimai biyu na huɗa da ya raina tun suna maruƙa, da su yake noma tasa gonar, da su yake yi wa mutane huɗa. To a farkon wata damina, ana jiran ruwa ya zauna a fara aiki, ya tashi da safe ya tarar da turke babu komai sai guntun igiya da aka yanke da wuƙa. Aka bi sawu har bakin kwalta. Daga nan sawun ya ɓace, alamar a mota aka loda su.

Tun daga ranar ya canza. Ya daina zama a majalisa, ya rame, idanunsa kullum jawur. Matarsa ta gaya wa matata cewa ba ya barci, kuma ko tuwo aka ajiye masa sai ya yi ta kallonsa har ya huce. Mu duka mun ɗauka baƙin ciki ne na ɗan lokaci, zai wuce.

Ana cikin haka ya ce zai nemi lasisin bindiga, don yana son ya sake kiwo kuma ba zai yarda a maimaita masa ba. Babu wanda ya ga laifinsa. Ya tafi birni, ofishin da ke kula da wannan, aka ba shi fom aka lissafa masa abin da zai kawo: takardar dagaci, mutum biyu da za su shaidi halinsa, hotuna, sai takardar likitan gwamnati da ke nuna an duba idonsa an kuma duba hankalinsa. Ya haɗa komai cikin 'yan kwanaki. Takardar likita kaɗai ta rage, sai ga shi ƙungiyarmu ta ma'aikatan lafiya ta shiga yajin aiki. Aka sa wa ƙofofi kwaɗo, kowa ya koma gida, ba a san ranar dawowa ba.

Wata rana bayan la'asar ya same ni a gindin dalbejiyar ƙofar gidanmu. Ya zauna ya ce, "Mutumina, makullin kabad ɗin nan ai yana wurinka ko?"

Na ce yana wurina.

Ya ce, "To me ya rage? Ka san ni tun muna yawo ba wando. Makaho ne ni, ko mahaukaci?"

Na yi dariya na ce ko ɗaya, amma ai likita ne yake sa hannu.

Ya ce, "Sa hannun da kake gani kullum? Haba. Yajin aikin nan naku kan iya kaiwa kaka. Ni in zauna har a zo a kwashe awakin matata su ma? Ko dai kai ma ganina kake kamar na zare?"

Wannan maganar ta ƙarshe ita ta kayar da ni. Ban so ya ga kamar ina zarginsa. Kuma in faɗa muku gaskiya, na ji daɗi da aka zo wurina neman abin da ni kaɗai zan iya yi. Na ce gobe da hantsi ya zo ya kai ni.

Washegari ya ɗauke ni a babur. Ya tsaya a waje, ni kuma na ce wa tsohon mai gadi mantuwa na yi a ofis. Ban taɓa ganin asibitin haka ba. Barandar da kullum take cike da mata da jarirai, awaki ne kwance a kanta. Takun takalmina kaɗai nake ji. Na buɗe kabad, na zaro takarda ɗaya daga cikin waɗanda aka riga aka buga, na cike sunansa. Inda aka ce ido, na rubuta lafiya. Inda aka ce hankali, na rubuta lafiya. Na kwaikwayi sa hannun likita, sai da na gwada sau uku a bayan wani tsohon kati, sannan na danna hatimi. Na ninke ta na sa a aljihun gaba.

Da na fito ya ce, "An dace?"

Na ce, "Mu bar nan tukuna, mai gadi yana kallonmu."

Muka kama hanyar gida ta cikin gonaki. Gero ya fara fitar da kai, ko'ina kore shar, mutane sun duƙufa suna maimai. Da muka iso gonar ɗan baffansa, wato ɗan ƙanin mahaifinsa, sai na ji ya rage gudu. Mutumin yana duƙe da fartanya, ya ɗago ya ɗaga mana hannu yana cewa sannunku da hanya. Ni na amsa. Abokina bai amsa ba. Sai da muka wuce kaɗan ya ce, ba tare da ya waiwayo ba, "Ka gan shi nan? Shi ya nuna musu hanya."

Na ce, "Wace hanya?"

Ya ce, "Ta turkena. Wa ya san ɓangaren da dangata ta faɗi in ba shi ba? Ana saura kwana biyu a sace su ya zo wai aron garma, yana ta kalle-kalle. Kullum ina jin muryarsa a bayan ɗakina yana dariya. In na fito sai ya ɓuya."

Na ce, "Muryarsa kuma? Ai gidansa yana can ƙarshen gari."

Ya ce, "Kai dai bari takarda ta fito. Zai yi bayani."

Jama'a, ban san yadda zan kwatanta muku abin da na ji a bayan babur ɗin nan ba. Yadda ya faɗi maganar a sanyaye, kamar yana gaya mini farashin taki, shi ya fi tsorata ni. Takardar da ke aljihuna na ji kamar garwashi aka zuba mini a ƙirji. Ga ni na rubuta da hannuna cewa hankalinsa lafiya, ga shi yana gaya mini yana jin muryar mutumin da ba ya wurin.

Da muka tsaya a ƙofar gida ya miƙo hannu. Na ce, "Wallahi kunya ce ta hana ni gaya maka a can. Hatimin ba ya nan, likita ya tafi da shi gida."

Ya dube ni, ya dubi aljihuna. Na tabbata ya ga shatin takardar. Ya daɗe yana kallo, sannan ya ce, "Haka ne?" Ya ta da babur ya tafi.

Na faɗa gida da sauri. Mahaifiyata tana tsakar gida tana tankaɗe. Kallo ɗaya ta yi mini ta ce, "Kai kuma lafiya? Ka shigo kamar an biyo ka."

Na durƙusa na gaya mata komai, ban rage ba. Ta ajiye rariyar ta ce in ba ta takardar. Ba ta iya karatun boko ba, amma ta juya ta gaba da baya, ta shafa hatimin da yatsa, sannan ta tashi ta cusa ta cikin murhu. Muna kallo ta cinye.

Na ce, "Inna, yanzu ya zan yi?"

Ta ce, "Wanda ka saci hannunsa za ka je ka gaya wa. Shi ya san ciwon, kai ba ka sani ba. Sunan likita kawai ake kiran ka da shi."

Ban taɓa jin wannan sunan ya yi mini nauyi kamar ranar ba.

Likitan namu dattijo ne, a unguwar Bacirawa da ke birni yake zaune. Da sassafe na hau mota na je. Na same shi a zaure yana shan kunu. Na fara kame-kame, ya ce in tafi kai tsaye. Da na kai wurin sa hannun sai ya ajiye kofin. Ya yi mini faɗan da tun ina yaro ba a yi mini irinsa ba. Ya ce da takardar ta fita, aka yi kisa, ni da shi za a ɗaure, kuma shi bai ma san hawa ba bai san sauka ba. Ya ce, "Kana ganin don ado aka sa wannan layin a fom? Tambaya ɗaya ce gwamnati take yi kafin ta ba mutum abin kashe mutum, kai kuma ka amsa ta a madadina." Ina durƙushe ina cewa a yi haƙuri, ranka ya daɗe.

Da ya huce ya ce, "Kawo mini shi. Yajin aiki ya hana ni shiga asibiti, bai hana ni zama a zaurena ba."

Da na gaya wa abokina likita zai gan shi a gida, fuskarsa ta saki a karon farko cikin watanni. Ya ɗauka takarda zai karɓo. Ni kuma ban gyara masa ba, don na san in na gyara ba zai je ba. Muka je tare. Suka shiga zaure, ni na zauna a dakali a waje. Sun fi awa ɗaya. Ina jin tashin muryar abokina, sai ta sauka. Da ya fito ko kallona bai yi ba. Ya hau babur ɗinsa ya bar ni nan a tsaye.

Likita ya ce ba zai gaya mini abin da suka tattauna ba, wannan tsakaninsu ne. Abin da zai gaya mini shi ne bai rubuta takardar ba, ya rubuta masa magani, ya ce ya dawo bayan sati biyu. Ya ce ciwo ne da yake warkewa in an samu barci da kulawa. Sannan ya riƙe hannuna ya ce, "Ka sa ido. In ka ji ko ƙishin-ƙishin ya samu makami, kar ka tsaya shawara da kowa, ka tafi wurin dagaci."

Makonnin da suka biyo baya su ne mafi muni a rayuwata. Ya daina gaishe ni. In muka haɗu a masallaci sai ya canza sahu. Matarsa ta ce ya sayi maganin, amma wata rana ya sha, wata rana ya ƙi. Sai kuma wani mai kai kaji kasuwa ya ce mini ya gan shi a wata kasuwa mai nisa, a rumfar maƙera, suna magana ƙasa-ƙasa da wani. Na san abin da likita ya ce in yi. Ban yi ba. Na yi ta ce wa kaina wataƙila lauje ya je saya, ga kaka ta matso. Gaskiyar ita ce tsoro nake ji. In na je wurin dagaci, gari zai ɗauka, a ce na tona asirin abokina na ce ya haukace. In na gaya wa ɗan baffan, zumuncin gidansu ya watse har abada. In kuma na yi shiru aka wayi gari da gawa fa? Na koma ni ma ba na iya cin abinci. Ko murfin tukunya ya faɗi a gida sai na zabura. Hanyar masallaci ma canza ta na yi, don kar in bi ta ƙofar gidansa.

Rannan bayan azahar ina gonata ni kaɗai, an yanke gero, dawa ta yi tsayi ta fi mutum. Na jingina da bishiya ina jin rediyo, sai na ji ƙarar babur ɗinsa. Na san ƙarar kamar yadda na san muryarsa. Na leƙa ta tsakanin kara, na gan shi ya kafe babur a bakin gona yana kwance wani dogon abu da aka naɗe a buhu.

Ban san lokacin da na faɗa cikin dawa ba. Na kwanta rubda ciki a tsakanin kunya biyu, fuskata a ƙasa, ina karanto duk addu'ar da ta zo bakina, har da ta shiga kasuwa. Na bar takalmi ɗaya a gindin bishiya, rediyo kuma yana ta yi. Abin da ke raina shi ne: ni na hana shi takarda, ni na kai shi wurin likita, da ni zai fara. Ina jin takunsa yana matsowa, busassun ganye suna ƙara. Sai ya tsaya.

Ya ce, "Fito. Ga hularka can ina gani."

Ban motsa ba.

Ya ce, "Don Allah ka fito. Hannuna ya gaji."

Muryar ba irin ta kwanakin nan ba ce. Irin tasa ce ta da. Na ɗago a hankali. Yana tsaye ya tallabo buhun da hannu biyu, bakin abin yana kallon ƙasa, rigarsa ta jiƙe sharkaf.

Ya ce, "Karɓi wannan. Ka riƙe ta nesa da ni."

Na ce, "Mece ce?" Kamar ban sani ba.

Ya ce, "Ta maƙera ce. A ɗure take, ka yi a hankali da kunamar."

Na karɓa. Shi kuma ya zauna daɓas a kan kunya ya haɗa kai da gwiwa. Na ce, "Ka yi wani abu?" Ban taɓa jin tsoron amsar tambaya kamar wannan ba.

Ya girgiza kai. Ya ce, "Tun hantsi ina cikin dawar da ke bayan gonar ɗan baffan nan nawa. Yana ɗaurin gero. Na saita shi ya fi sau goma. Da rana ta take ya ɗauki buta ya yi alwala, ya shimfiɗa buhu ya ta da kabbara, ya juya mini baya. Sai na ga ƙeyarsa. Wallahi irin ta babana ce sak, har yadda yake sunkuyar da kai. Sai tambayar likitan nan ta faɗo mini. Ya ce da ni, ka gani da idonka? Na rasa abin da na gani. Ban ga komai ba, mutumina. Ban ga komai ba."

Ya fashe da kuka. Ni ma na zauna a gefensa ina yi, da bindiga a cinyata ban san yadda zan ajiye ta ba.

Da ƙafa muka tafi gidan dagaci, don na ƙi yarda a hau babur da ita. Ina gaba na miƙe hannu da buhun can nesa da jikina, takalmi ƙafa ɗaya, yana biye da ni. Duk wanda muka gamu da shi sai ya ce sannu Likita, me aka samo? In ce rake ne. Dagaci ya kore mutanen da ke zaure, ya saurare mu har ƙarshe. Ya aika aka kira wani tsohon maharbi ya zo ya sauke ɗurin. Washegari shi da kansa ya kai ta wurin 'yan sanda tare da abokina, ya ce mai ita ne ya kawo da hannunsa, kuma shi ya tsaya masa. An yi wa abokina tambayoyi, an ja masa kunne sosai, aka sallame shi. Abin da ya faru a bayan gonar kuwa, a zauren nan ya tsaya.

Bayan an janye yajin aiki ya riƙa zuwa wurin likita a kai a kai. Ni nake ciro masa kati. Ya ɗauki watanni, amma barcinsa ya dawo, jikinsa ya dawo, har dariyarsa. Bai sake neman lasisin ba. Shanun kuma har yau ba mu san wanda ya sace su ba.

Ni ɗan ƙungiya ne, na yi yajin aiki kuma ban yi nadama ba, haƙƙinmu muke nema. Amma tun daga lokacin nake ganin akwai ƙofofin da bai kamata a sa musu kwaɗo ba ko ana rikici da gwamnati. Mutum in ya zo ta hanyar da doka ta ce ya tarar a rufe, ba gida yake komawa ya zauna ba. Zagayawa yake yi, ya nemi irina mai makulli, in bai samu ba ya nemi maƙeri. Na taɓa faɗar haka a taronmu, na ce yadda a manyan asibitoci ake barin ɓangaren gaggawa a buɗe, a bar likita ɗaya saboda irin wannan binciken. Aka yi mini dariya, wani ya ce mutum nawa ne suke neman bindiga a ƙauyenku? Ban iya ba su amsa ba, don amsar ba tawa ba ce ni kaɗai.

Ba zan ce ni na ceci kowa ba. Ni ne na cike takardar ƙarya, ni ne kuma na ji labarin maƙera na yi shiru. Hana shi takarda ma bai hana shi samun bindiga ba. Abin da ya yi aiki shi ne awa ɗayan nan da wani dattijo ya zauna da shi a zaure ya yi masa tambayoyin da ya kamata a yi, a lokacin da babu wanda ya tilasta masa. Sauran kuma Allah ne ya tsare.

Bara ɗan baffan nasa ya rasu, bayan gajeriyar jinya, a kan shimfiɗarsa, 'ya'yansa suna kewaye da shi. Har ya koma ga Allah bai san komai ba. Da aka kai shi maƙabarta liman ya ce dangi na kusa su shiga su karɓe shi, abokina ne ya fara tuɓe takalmi ya sauka. Ina tsaye a bakin kabarin ina kallo ya tallabi kansa da hannu biyu, ya kwantar da shi a hankali, ya juya fuskarsa gabas.